Wasiƙa Daga Bakin Filin Tsere: Yadda Birki Ke Koya wa Motar Naitoro Shan Kwana

Zuwa ga 'yan'uwa masu karatu a gida,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, na rubuto ne daga nan Ingila domin in amsa tambayoyin da wasunku suka yi ta turo mini tun da suka ga hoton ƙaramar motar tseren da nake tuƙawa da rimot. Kusan kowa gudunta yake tambaya da ƙarfin injinta, ba wanda ya tambayi yadda take tsayawa, alhali kuwa a nan ne gizo ke saƙa.

Motar an ƙera ta ne a kan ma'aunin ɗaya bisa takwas na girman babbar mota, tana ja da ƙafa huɗu, kuma injinta mai girman cc 3.5 yana shan haɗin metanol da naitorometen da man da ke hana ƙarafa gugar juna, shi ya sa ake ce mata naitoro. A dokokin IFMAR, ƙungiyar da ke shirya gasar duniya, wadda aka kafa a 1979, tankin irin wannan mota ba ya wuce cc 125, nauyinta ba ya gaza kilo 3.2, kuma tseren ƙarshe awa ɗaya cur ake yi. Duk wanda zai yi awa guda yana shiga kwana ɗaya sau da dama, birkin da zai kama iri ɗaya daga farko har ƙarshe ya fi masa amfani a kan injin da ya fi na kowa ƙara.

Dalilin da ya sa birki ya zama babban al'amari a nan shi ne kuloci. Motar lantarki injinta na iya riƙe ta idan an saki totur, amma kulocin ta naitoro da kansa yake kamawa: idan inji ya ɗauki wuta, takalmansa su buɗe su kama ƙoƙon da ke juya giya, da zarar an saki totur kuma su saki, motar ta tafi a firi. Daga wannan lokaci babu abin da zai rage mata gudu sai faifan birki biyu da ke jikin difaranshiyal (akwatin giya mai raba ƙarfin inji) na tsakiya, ɗaya a kan sandar da ke kai ƙarfi ƙafafun gaba, ɗaya a kan mai kaiwa na baya. Sarbo guda, wato ɗan injin lantarki mai bin umarnin rimot, shi ne ke aikin duka: in ya juya nan ya buɗe kafireto, in ya juya can ya ja wayoyi biyu masu matse faifan, kuma kowace waya tana da ɗan zobe da ake matsarwa domin a ƙara mata ƙarfi ko a rage.

A kan waɗannan zobba biyu nake so mu daɗe. Idan gaba ya fi baya kamawa, motar tana tsayawa a miƙe cikin natsuwa, sai dai tana ƙin shiga kwana, ta riƙa tura hanci waje, domin tayar da ta ƙame ba ta jin sitiyari. Idan baya ne ya fi, gindin motar yana sakin ƙasa ya juyo, abin da gwani yake so a matsattsiyar kwana, amma da an ɗan zarce sai ta yi katantanwa. Ra'ayina shi ne mai koyo ya bar gaba ya ɗan rinjaya, ya riƙa ƙara wa baya kaɗan-kaɗan har ya ji motar ta fara juyowa da kanta, sannan ya tsaya nan. Ana iya auna wannan a kan tebur: a ɗaga motar, a ja birki da rimot, a kama tayoyin gaba biyu a juya su tare, sannan a yi wa na baya haka. Dole a juya su tare, in ba haka ba difaranshiyal zai bar ɗaya ta juya gaba ɗaya baya, mutum ya ɗauka birkin ba ya kamawa.

Kafin a kai ga wannan ma, sai an tabbatar cewa idan yatsa ba ya kan kunamar rimot, motar tana gangarawa sumul ba tare da faifan yana gugar komai ba, kuma idan aka ja birki kafireto ba ya ƙara rufewa, domin in ya rufe inji zai mutu a tsakiyar kwana. Sai an gama da wayoyi da zobba ake komawa kan rimot a ƙayyade iyakar tafiyar sarbo. Da yawa suna barin ta a ƙure, sarbo ya yi ta gurnani yana lanƙwasa mazauninsa har ya ƙone, alhali ƙarfin da ake bukata shi ne wanda zai tsaya dab da ƙamewar taya. Wasu rimot suna da tsarin da ke kama birki yana saki da sauri, irin na manyan motoci. Yana da amfani a fili mai santsi, amma na fi ganin ana amfani da shi wajen rufe kuskuren da ya kamata a gyara da hannu.

Ni kaina na sha wuya kafin in gane haka. A wani tsere da aka yi da safe, fili da danshi, motata ta yi zagaye kusan goma lafiya lau, amma da muka tsaya aka zuba mai, sai ta yi katantanwa a ƙarshen miƙaƙƙiyar hanya, ta sake yi a zagaye na gaba, daga nan ta dawo daidai har zuwa tsayawa ta biyu. Na zargi taya, na zargi man difaranshiyal na baya, na shafe makonni ina sauye-sauye, ashe gudun gara nake yi ina faɗawa gidan zago. Wani dattijo da ke zama a teburin da ke kusa da nawa ne ya ɗauki motar, ya shafa faifan gaba da yatsa, ya nuna mini maiƙo yana ƙyalli. Tankin yana dab da wannan faifai, kuma 'yar katangar da ke tare fantsamar mai ta tsage, don haka duk zubin mai sai birkin gaba ya jiƙe, na baya kaɗai ya yi aiki. Na sauya katangar da takalman birkin, magana ta ƙare.

Bayan birki ya zauna ne sauran gyare-gyare suke nuna gaskiyarsu. Kowane ɗaya daga difaranshiyal uku da motar ke da su ana cika shi da man silikon, kuma da yawa suna farawa da mai lambar kauri 7,000 a gaba, 7,000 a tsakiya, 3,000 a baya. Man gaba mai ruwa-ruwa yana sa motar ta shiga kwana da sauƙi, mai kauri kuma yana jan ta fita idan an ba da wuta. Na tsakiya in ya yi kauri sosai yana ɗaure gaba da baya, ya rage tasirin rabon birkin da aka sha wahalar daidaitawa. Haka nan, gwargwadon yadda aka bar hannuwan ƙafafun baya su sauka ƙasa, gwargwadon yadda gindi zai ɗagu idan an ja birki, nauyi ya koma gaba, motar ta ƙara juyowa. Karkatar tayoyin baya zuwa ciki da digiri 2 ko 3 tana sa gindi ya zauna, man shok mai kauri kuma yana rage saurin sunkuyawar hanci. Duk waɗannan ɗaya-ɗaya nake taɓa su, in yi zagaye biyar da agogo, in rubuta a littafi, kuma ba na taɓa ko ɗaya sai na tabbatar tayar da na ɗaura ta dace da filin, ko ƙasa ce ko ciyawar roba.

Birki yana da aiki har a sama. Idan motar ta yi tsalle daga tudu hancinta ya ɗagu, ɗan taɓa birki yana tsayar da tayoyi ya sunkuyar da hancin, ba da wuta kuma yana ɗaga shi. Birkin da ke cafka farat ɗaya kan sa ta sauka da ka ta yi adungure, shi ya sa na fi son ɗan guntun tiyo ko sifirin mai laushi a kan wayar, domin kamun ya zo a hankali. Ranar Asabar mai zuwa zan gwada sifirin mai ɗan tauri a wayar baya kaɗai, in bar komai yadda yake, kuma in Allah ya yarda zan rubuto muku abin da agogo ya nuna.

Wassalam.

Naku,
Ɗan'uwanku a Ingila