Yadda nake gane naman kaza mai ruɓar da itacen oak

A dazuzzukan Ingila, kafin in taɓa naman kaza a jikin oak, nakan fara duba inda ya tsiro: gindi ne, ko can sama a kututture. Wurin ya fi launi faɗin gaskiya, domin launi yana dusashewa idan abin ya tsufa. Kayan aikina wuƙa, gudumar roba, madubin ƙara girma da farar takarda.

Na sama sun fi sauƙi. Laetiporus sulphureus yakan fito daga Mayu zuwa Satumba, hawa-hawa, rawaya da ruwan lemo, da laushi. Fistulina hepatica kuwa kamar hanta yake, in ka yanka sai jan ruwa ya fito. Dukansu biyu zuciyar itacen suke ci, su bar ta ruwan ƙasa, tana tsagewa gida-gida kamar gawayi. Na farkon ya fi ɓarna, reshe kan karye ba gargaɗi. Na biyun yana aiki a hankali, har kafintoci suna neman katakon da ya rina.

Na gindi su ne ke tayar min da hankali, saboda saiwa suke ci, ita kuwa ba a ganinta. Pseudoinonotus dryadeus yana da kauri, kuma yayin da yake sabo yakan yi gumi ɗigo-ɗigo kamar zuma. Da zarar ya bushe ya yi baƙi, sai ya rikita mutum da Ganoderma resinaceum, kuma nan na fi yin kuskure. Ga yadda nake raba su: ɓawon Ganoderma yana ƙyalli, in ka kusantar da ashana sai ya narke kamar ƙaro. Sannan in yanki ɗan guntu, in kifa shi a kan takarda, in rufe da kofi ya kwana. Ganoderma yakan zubar da gari ruwan koko, ɗayan kuma fari.

Bayan haka sai in zagaye gindin ina bugawa da guduma, ina sauraron inda ya yi ƙarar ganga, alamar cikin ya ruɓe. Cire naman kazan ba magani ba ne, shi kamar 'ya'yan bishiya ne kawai, zaren da ke cin katakon yana can ciki. Nakan bar shi, in ɗauki hoto sama da ƙasa, in rubuta rana, in dawo baɗi a watan.