Yau na ba wa alamar + sabon aiki

Laraba, da daddare.

Tun safe nake kan wani ɗan aji (class, wato sabon nau'in abu) da na rubuta a harshen kwamfuta na Python, na sa masa suna Tsawo, yana riƙe awon abu ko a mita ko a santimita. Abin da ya daɗe yana damuna shi ne duk sanda zan haɗa biyu sai na rubuta a.hada(b), in uku ne kuma a.hada(b).hada(c), layi ya yi ta miƙewa har ido ya gaji. Ashe in ka rubuta a + b, a bayan fage a.__add__(b) ake kira, to sai na rubuta nawa __add__ ɗin, ya mai da komai santimita tukuna ya tara. Mita 2 da santimita 50 suka ba ni 250, gaskiya na ji daɗi ba kaɗan ba.

Sai na zuba su a jeri na kira sum(), mai tara duk abin da ke jeri, kawai sai saƙon kuskure na TypeError. Na fi awa guda ina dubawa, lissafina daidai ne, to ina matsalar? Ashe shi sum da 0 yake farawa, wato abu na farko da yake yi 0 + Tsawo ne, int kuma, wato nau'in cikakkun lambobi irin 0, bai san wani Tsawo ba sai ya mayar da NotImplemented, wato ban iya ba, daga nan Python ya juya wajen na hannun dama yana neman __radd__, ni kuma ban rubuta ba. Layi uku suka gyara komai. Tsarin nan ya burge ni wallahi, na hagu ya ce ban iya ba, a tambayi na dama.

Da yamma na ƙara __eq__, mai kula da alamar ==, don santimita 100 ya zama daidai da mita 1, sai set (tarin da ba ya maimaita abu) ya ƙi karɓarsu, dole na rubuta __hash__ shi ma, wanda set ke dogara da shi.

Har na so in sa alamar >> ya riƙa canja ma'auni, sai na fasa, wanda zai karanta bayana ba yadda za a yi ya gane nufina. Su kansu masu Python da suke son ninkin matiris (teburin lambobi) ba su ɗora wa * kaya biyu ba, sabuwar alama @ suka kawo a Python 3.5, shekarar 2015.

Gobe sai __mul__ na alamar *, kuma tun yanzu yake cin raina. Tsawo sau 3 Tsawo ne, amma Tsawo sau Tsawo ai faɗin fili ne, sai dai in buɗe masa ajinsa daban.