Abin da gadin filin kurket ya koya mini game da taron jama'a

A Ingila ana buga wasan kurket ne daga watan Afrilu zuwa Satumba, daidai lokacin da ɗalibi baƙo ke neman ɗan aikin da zai rage masa kuɗin haya. Ta nan na faɗa aikin kula da 'yan kallo a wani fili, ni da ko yadda ake ƙirga makin wasan ban sani ba. Aka ba ni riga mai ɗaukar ido da oba-oba, aka ajiye ni a bakin igiyar da ta zagaye fili, aka ce fuskata ga jama'a, ƙeyata ga wasa. Kome ihun da za a yi, babu waiwaye.

Wanda ya saba da ƙwallon ƙafa ba zai gane wahalar wannan aiki da wuri ba. Ƙwallo minti 90 ne, a tashi. Kurket kuwa, na yini ɗaya yakan ci kusan awa 8, akwai kuma na kwana 5. Mutumin da ya gaishe ka da fara'a da hantsi, bayan la'asar ya sha rana, ya sha giya, ya gaji da zama, ba shi ne na safe ba. A ɓangaren da aka fi shaye-shaye, matasa kan tara kofunan roba da suka sha, su riƙa cusa wani cikin wani har ya yi tsawon layin kujeru, su ɗaga sama suna waƙa. Hukumar fili ba ta son abin, don ragowar giyar na zuba a kan mutane, daga ƙarshe kuma jifa ake yi da kofunan. Sai dai idan ka bari ya yi tsawo sannan ka je ƙwacewa, kai da mutum ɗari za ku yi. Tun yana kofi goma ake zuwa, a durƙusa kusa da mai tarawa yadda ba za a tsaya masa a ka ba, a yi masa magana a hankali ba tare da abokansa sun ji ba. Galibi sai ya miƙo da kansa yana dariya. Da abokan sun ji, ya zama maganar girma, ba zai bayar ba.

Uwar ɗakinmu a wurin aikin wata dattijuwa ce da ta daɗe a harkar. Ranar horo ta kunna mana hoton bidiyon wasan kusa da na ƙarshe na gasar cin kofin duniya, wanda Indiya da Sri Lanka suka buga a filin Eden Gardens na Kolkata a Indiya ranar 13 ga Maris 1996. Sri Lanka ta tara maki 251. Indiya ta fara da ƙafar dama, ta kai 98 mutum ɗaya kacal aka fitar mata, gwaninta Sachin Tendulkar na ta bugu. Da aka fitar da shi sai ginin ya rushe: ana kan maki 120 an riga an fitar da mutum 8, alhali da an fitar da 10 shi ke nan. Mutum wajen dubu 100 ne a filin. Aka fara ruwan kwalabe, aka cinna wuta a wasu kujeru. Babban alƙali mai sa ido, Clive Lloyd, ya janye 'yan wasa, aka jira, aka dawo, jifa ya ci gaba, sai ya ba Sri Lanka nasara. Ɗan wasan Indiya Vinod Kambli ya fita yana kuka.

Ta tsayar da bidiyon ta ce, "To, yarana, a wane lokaci za ku kira a ƙaro muku mutane?" Kusan dukanmu muka ce lokacin da kwalbar farko ta faɗo. Ta girgiza kai. Ita a wajenta, tun da aka fitar da mutum na huɗu da na biyar a jere ya kamata a ce an tura ma'aikata sun hau matakala, an dakatar da sayar da abin sha a kwalba, an duba cewa ƙofofin fita a buɗe suke, domin wanda ransa ya ɓaci ya samu hanyar tafiya gida. Daga ranar na gane dole in koyi dokokin wasan da aka hana ni kallo. Ban isa in waiwaya ba, amma allon maki yana gefe, kuma sautin jama'a ma labari ne. Ihu ba ya tayar mini da hankali. Abin tsoro shi ne shirun da ke biyo bayan an fitar da gwanin da aka zo dominsa, sai kuma ka ga mutane sun fara miƙewa tsaye suna duba ƙasan kujerunsu.

Nan ne kuma na fahimci dalilin da ya sa a filaye da yawa ake cire murfin gorar ruwa kafin a miƙa wa mai saye. 'Yan kallo na ƙorafi, suna ganin rainin hankali ne. Gorar da ke cike kuma a rufe tana tafiya nesa, tana da nauyin da za ta fasa goshi. Wadda ba murfi kuwa ruwanta na zubewa a iska kafin ta isa. A garin Cuttack na Indiya, a watan Oktoba 2015, da Afirka ta Kudu ta fitar da Indiya gaba ɗaya a kan maki 92, gorunan ruwa ne suka tsayar da wasa har sau biyu.

Akwai wani abokin aikina ɗan asalin Pakistan, ya girme ni, muna yawan gardama a kan abubuwa biyu da suka faru a shekarar 1999. A watan Fabrairu, a Kolkata ɗin dai, a wasan Indiya da Pakistan, aka fitar da Tendulkar bayan sun yi karo da Shoaib Akhtar na Pakistan yana gudun neman maki. Jama'a suka harzuƙa, sai da Tendulkar da kansa ya zagaya fili yana ba su haƙuri. Washegari da rikici ya sake tashi, 'yan sanda suka kori 'yan kallo, aka ƙarasa wasan kujeru wayam, Pakistan ta ci da tazarar maki 46. Bayan wata biyu, a tsibirin Barbados, a wasan Ostareliya da West Indies (haɗakar ƙasashen yankin Caribbean), aka fitar da Sherwin Campbell, ɗan garin, bayan ya yi karo da Brendon Julian na Ostareliya. Aka yi ta jifa, wata kwalba ta wuce dab da kan Steve Waugh, kyaftin ɗin Ostareliya. A can sai aka sasanta, aka mayar da Campbell ya ci gaba da bugu. Abokina yakan ce, "Ƙanena, rai ya fi wasa. Ka mayar musu da mutuminsu kowa ya koma gida lafiya, mene ne aibu?" Na yarda cewa a wannan yammacin, ga wanda ke tsaye a tsakiyar fili, babu wata mafita mai sauƙi. Amma har yau ina ganin an koya wa duk mai kwalba a hannu cewa yana da ƙuri'a a hukuncin alƙali. Korar dubban mutane a Kolkata abin kunya ne, sai dai hukuncin da aka yanke bai canza ba.

Duk da haka, da na zauna na karanta tarihin abin don wani aikin makaranta, sai na tarar inda aka fi asarar rai ba wurin jifa ba ne, bakin ƙofa ne. Ranar 1 ga Janairu 1967, a wasan Indiya da West Indies a Kolkata, an sayar da tikiti fiye da kujerun da ke akwai. Mutanen da suka biya kuɗinsu suka rasa wurin zama, suka malalo bakin fili, 'yan sanda suka hau su da kulki da barkonon tsohuwa, aka ƙone rumfuna, ba a yi wasa ba ranar. A 1969, a garin dai, mutum 6 suka mutu a turmutsitsin layin tikiti lokacin ziyarar Ostareliya. Ranar 4 ga Yuni 2025 mutum 11 suka rasu a ƙofofin filin Chinnaswamy na Bengaluru, kuma ba ma wasa ake yi ba, murna ce ta kofin IPL (gasar ƙungiyoyin kurket ta Indiya) na farko da ƙungiyar garin ta ci. An gayyato gari guda zuwa filin da bai wuce mutum dubu 40 ba, ga ruɗani a kan wa zai shiga kyauta. Waɗanda suka mutu ba su jefi kowa ba. A irin wannan, masu zama a ofis suna lissafin tikiti da yawan ƙofofi su ne ke da tambayar amsawa, ko da yake bakin duniya ya fi saurin cewa 'yan kallo sun haukace.

Wasu abokan aikinmu kan yi magana kamar rashin ɗa'a a filin kurket halin mutanen Asiya ne. Tarihi bai goyi bayansu ba. A Sydney ta Ostareliya a 1971 wani ɗan kallo ya caƙumi rigar John Snow na Ingila, har kyaftin Ray Illingworth ya fice da 'yan wasan Ingila daga fili. A Perth, a Ostareliya ɗin dai, a 1982 ɗan wasan ƙasar Terry Alderman ya goce kafaɗa garin kama wani da ya kutso fili. A watan Yuni 2001 magoya bayan Pakistan sun mamaye filin Headingley na Ingila saura maki kaɗan a tashi, aka karya wa wani mai irin aikina haƙarƙari, kyaftin ɗin Ingila Alec Stewart ya sallama wasan. Amma ko mako guda ba a yi ba, a filin Lord's na Landan, uwar filayen kurket, wani ya jefi Michael Bevan na Ostareliya da gwangwanin giya a fuska ana tsakiyar ba da kofi. A Janairu 2021 kuwa, a Sydney, baki ne makamin: Mohammed Siraj na Indiya ya kai ƙarar masu zaginsa, aka tsayar da wasa, aka fitar da mutum 6. Wannan ya fi kowanne wuyar kamawa. Kwalba kana ganin hannun da ya jefa ta. Zagi kuwa daga cikin mutum hamsin yake fitowa, wani lokaci da harshen da ba ka ji, kuma na kusa da mai zagin ba sa son nuna shi.

Harin da 'yan bindiga suka kai wa motar 'yan wasan Sri Lanka a Lahore ranar 3 ga Maris 2009, inda aka kashe 'yan sanda 6, wani babi ne daban, ba na 'yan kallo ba, kuma ya hana Pakistan karɓar baƙuncin wasan kwana 5 har zuwa Disamba 2019. Irin waɗannan hare-hare ne suka sa bincike a ƙofa ya tsananta ko'ina: a buɗe jaka, a shafa jiki da na'ura, a leƙa cikin kwandon abinci. Kowane mutum yana cin 'yan daƙiƙoƙi, layi na ƙara tsawo, na baya na jin tafin an fara wasa suna turo na gaba. Ranar da aka sa ni a ƙofa, umarni biyu nake riƙe da su daga oga ɗaya: kada in bar jaka ko ɗaya ta wuce ban duba ba, kada kuma in bari layi ya kai bakin titi.