Abin da tsohuwar Fijo ta koya mini a kan sa rediyo

Ina shekara ta uku da fara koyon wayarin ɗin mota a Kaduna, wani dattijo ya kawo mana Peugeot 504, wadda kowa ke kira Fijo, irin waɗanda kamfanin PAN ya fara harhaɗawa a Kakuri a 1975. Gadon mahaifinsa ce, kuma yana son a sa mata sabuwar rediyo mai ɗaukar filashi domin ya riƙa sauraron tafsiri a hanyar Zariya.

Rediyon zamani faɗinta milimita 180 ne, tsayinta 50, ita kuwa tsohuwar da ke cikin motar mai maɓallai biyu ce da ake murzawa, saboda haka gurbinta bai karɓi sabuwar ba. Na ɗauko zarto ke nan maigidana ya riƙe mini hannu, ya ce: "Yaro, in ka yanka, a ina za ka samo wani dashbod ɗin?" Sai muka lanƙwasa ɗan faifan ƙarfe muka ɗaure rediyon a ƙarƙashi, inda ranar da Alhaji ya gaji da ita za a kwance noti huɗu kawai, mota ta koma yadda take. A lokacin na ɗauka tsoro ne irin na manya, amma yanzu ni ma haka nake yi.

Babban kuskurena a wajen lasifika ya faru. Wayoyin wuta ban sha wahalarsu ba, domin rawaya tana zuwa batir kai tsaye ta bayan fiyus, ja tana bin makulli, baƙa kuma a jikin mota ake ɗaure ta. Abin da ban bincika ba shi ne cewa wanda ya sa tsohuwar rediyon waya ɗaya tak ya ja wa kowace lasifika, ɗaya ƙafar lasifikar kuma, wato wurin ɗaura waya ta biyu, ya haɗa ta da bodi, wato ƙarfen jikin mota, kamar yadda aka saba a da. Sabuwar rediyo ba ta yarda da wannan ba, saboda wayoyin lasifikarta biyun duka ɗauke suke da sauti, kuma da zarar ɗaya ta taɓa bodi an gama. Na kunna, ta yi magana kamar minti biyu, sai warin ƙuna ya cika motar.

Maigida bai yi faɗa ba. Mitar gwada wayoyi ya miƙo mini, ya ce in auna tsakanin ƙafar lasifika da ƙarfen ƙofa, kuma ƙarar da mitar ta yi, alamar a haɗe suke, ta ishe ni amsa. Kuɗin rediyon daga aljihuna ya fita. Washegari na cire kan batir, na ja sababbin wayoyi bibbiyu zuwa kowace ƙofa, na liƙe mahaɗansu da dalma maimakon murɗawa da naɗe salatif, sannan na auna kowace waya sau biyu kafin in mayar da fiyus.