Kwalliyar ido ta kamara, ba ta zuwa biki ba

Don Allah mutanenmu a rage zagin hotunan nan na zanen ido da ake gani a Instagram, wai yarinya ta koma aljana. Wannan kwalliyar fa ba ta zuwa suna ko kamu ba ce, don hoto aka yi ta. Sai a ja layi fari ko shuɗi ko ruwan ɗorawa can sama kusa da gira, wani lokaci ko gashin ido bai taɓa ba, ga ɗige-ɗige a gefe, kuma mai ɗaukar hoton ya matso sosai har ido ɗaya ya cika hoton.

Turawa sun daɗe da abin, tun shekarun 1960 Twiggy, wata mai tallar kaya ta Ingila, take zana gashin idonta na ƙasa da hannu. Yanzu kuma mai kwalliya Pat McGrath ce ke jan zarenta, baƙar fata ce ƴar Ingila, ita ce a Janairun 2024 ta sa fuskokin masu tallar tufafin kamfanin Maison Margiela a Faris suna ƙyalli kamar tangaran, duniya ta ɗauka.

Amma ni abin da ke ban mamaki, mu da muke da Bororo a nan Bermo har mu tsaya muna kallon abin baƙo? Ku dubi samarinsu ranar bikinsu na Gerewol, fuska ta sha jan ƙasa ko rawaya, farin layi tun daga goshi har haɓa, kwalli raɗau, leɓe baƙi ƙirin, duk don farin ido da na haƙori su fito, shi ya sa masu kamara ke tahowa tun daga Turai har Ingal ta jihar Agadez don kallon bikin.

To amma je wurin masu makiyaj (kwalliyar fuska) na Maradi, amarya goma gira iri ɗaya, gashin ido na kanti iri ɗaya, ko uwar da ta haife ta sai ta duba sau biyu. Alhali hannun yana nan wallahi, mai lallen da ke zana fulawa siririya a yatsa hannunta bai rawa, layin ido ne zai gagare ta?

Masu hoto ku ma da naku, kun cika filta har fata ta koma fara fat, kuma farin layi da rawaya a kan baƙar fata suke tashi, in kun goge fatar kun kashe zanen. Wadda za ta gwada kuma ta yi da sassafe ko ta bari sai lokacin ɗari, don zafin Afrilu na garin nan kafin a gyara fitila zufa ta kwashe layin.