Kusan mako biyu da iyali a bakin tekun Ghana: Cape Coast, Elmina, Busua da Ada

Autarmu ce ta jawo tafiyar nan. Wata rana ta dawo daga makaranta ta tsare ni da tambaya, wai da gaske ne akwai ruwan da ba a hango ƙarshensa? Ruwa mafi girma da ta taɓa gani shi ne na Tiga, shi kuwa ana hango tsallakensa. Daga ranar muka soma tari, shekara guda da 'yan watanni, har hutun Disamba ya zo muka tashi mu huɗu: ni da maman yara, da yaronmu mai shekara 12, da ita autar mai shekara 7. Ghana muka zaɓa saboda fasfon ECOWAS ya wadatar, ba a neman biza, sai dai katin rigakafin shawara. Sannan kawun maman yara ya fi shekara talatin a unguwar Nima da ke Akra, garin da tsofaffinmu ke kira Ankara.

Tun daga Kano na tsara komai ta waya. Na duba hotuna, duk inda na ga rairayi da bishiyar kwakwa sai na rubuta sunan wurin. Daren da muka sauka, bayan mun ci tuwo, na nuna wa Kawu takardar. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Malam, hutu kuka zo yi ko kallo? Ai kowane gari da abin da yake yi da tekunsa. Wani wurin sana'a ne, wani wurin wanka, wani kuma ko ƙafa ba a sawa." Na ji maganar amma ban auna nauyinta ba, na bar tsarina yadda yake.

Daga tashar Kaneshie muka hau mota zuwa Cape Coast. Nisan bai wuce kilomita 150 ba, amma cunkoson Kasoa kaɗai ya cinye mana fiye da awa guda. Masaukin da na kama saboda hotonsa ya nuna teku ta taga, tekun yana nan kuwa, sai dai gaɓar da ke ƙasa ba wurin zama ba ce. Kwale-kwale ne jere masu fenti da tutoci, ga maza na ɗinkin taru, ga mata da manyan kwanoni suna jiran kifi, ga hayaƙin banda, ga leda da igiyar ruwa ta watso. Wurin neman abinci ne, kamar a ce ka ɗauki tabarma ka je hutawa tsakiyar kasuwar Dawanau.

A nan abin da ban taɓa mantawa ba ya faru. Yaron ya naɗe wando ya shiga, ruwan iya gwiwa, ina tsaye bai fi taku goma ba. Igiyar da ta zo ba ita ce matsalar ba, komawarta ce. Ta kwashe yashin da ke ƙarƙashin ƙafarsa, ya faɗi zaune, ta ja shi. Kafin in ɗaga ƙafa wani masunci ya riga ya cafko wuyan rigarsa ya jefo shi tudu. Ya yi mini faɗa sosai da Fantanci, harshen mutanen wurin, ban ji ko kalma ba amma na gane, kuma da gaskiyarsa. Mu mutanen tudu ne, abin da muka sani kogi da kududdufi, inda iya gwiwa ke nufin ba komai. A gaɓar da ke da gangara mai tsini, iya gwiwa ya isa ya tafi da babba ma. Maman yara ba ta ce mini komai ba har dare, sai da yara suka yi barci ta ce, "Baban su, daga yau ba wanda zai taɓa ruwan nan sai mun tambayi 'yan garin." Haka muka yi har muka bar ƙasar. Da ɗan gari kan ci gari.

Da na daina neman hutu a Cape Coast, sai garin ya buɗe mini. Shi ne babban birnin mulkin Turawan Ingila a ƙasar har 1877 da suka koma Akra, kuma har yanzu tsofaffin benaye da makarantu suna nuna hakan. Kasuwar Kotokuraba na nan a tsakiya, kuma a kewayenta muka sami koko da ƙosai da safe, muka gaisa da mai sayarwa da Hausa. Wannan ya kwantar wa maman yara da hankali fiye da duk wani kwalliyar otal. Mun ba da rabin yini ga dajin Kakum, kimanin kilomita 30 arewa da garin, inda ake bin gadojin igiya guda bakwai a saman bishiyoyi. Yaron ya ji daɗi, autar ta rufe ido a gada ta farko, daga ta uku kuma ita ke gaba.

Elmina kuwa, tafiyar minti ashirin ce daga Cape Coast, kuma a nan zuciyata ta tsaya. Mutanen garin Edina suke ce masa. Kana hawa gadar da ke kan bakin tafkin Benya za ka ga ɗaruruwan kwale-kwale sun cushe har ba ka ganin ruwan. Mun je ranar Litinin ana ta hayaniya, muka koma Talata muka tarar da tsit, don masuntan wannan gaɓa ba sa fita teku ranar Talata, al'ada ce ta kaka da kakanni. Gefe guda ga katafaren farin ginin da Turawan Fotugal suka gina a 1482 don cinikin zinariya. 'Yan Holan suka ƙwace shi a 1637, Ingila ta karɓa a 1872. A tsakanin nan ne ɗakunan ajiyar kaya suka koma ɗakunan ajiyar mutane.

Na sha karanta labarin cinikin bayi, har na koyar da shi a aji. Gani ya kori ji. Mai yi mana jagora ya shigar da mu kurkukun mata, ya nuna mana farfajiyar da ake fito da su, da barandar da gwamna ke tsayawa daga sama yana zaɓa. Ya kai mu wata 'yar ƙofa da ba ta ɗaukar mutum biyu a jere, ita ce ƙofar da in an fita ba a dawowa, daga ita sai jirgi. Har yau akwai wani wari a ɗakunan nan da iskar teku ba ta kore shi ba. A irin wannan ginin na Turawa da ke Cape Coast kuma, ɗakin ibadar Turawan a saman kurkukun maza yake, ana addu'a a sama, mutane na mutuwa a ƙasa. A Elmina ɗin ne kuma Ingilishi suka tsare Sarkin Asante Prempeh na Ɗaya a 1896 kafin su fitar da shi daga ƙasar.

Abin da ya fi girgiza ni shi ne da jagoran ya ambaci Salaga. Ya ce daga kasuwannin arewa irin su Salaga ake koro mutane a ƙafa zuwa kudu, a tsaya da su a Assin Manso su yi wanka na ƙarshe a rafi kafin a kawo su gaɓa. Ni kuwa Salaga a bakin kakana na san ta. Ita ce Gwanjar da yake ba mu labari, inda fatake ke zuwa da jakuna ɗauke da kanwa da fata da tufafi, su dawo da goro bayan watanni. Ban taɓa haɗa labaran biyu ba sai ranar, a tsaye cikin duhun nan. Kasuwar da muke alfahari da ita saboda goro, a cikinta aka sayar da mutane. Yaron ya tambaye ni, "Baba, har da Hausawa a cikin waɗanda aka kawo nan?" Na ce masa mutanen arewa da yawa sun bi ta nan, kuma a cikin masu saye da sayarwa a can arewan ma akwai namu. Ban ga amfanin ɓoye masa ba. Autar kam mun bar ta a farfajiya tare da mahaifiyarta daga rabin zagayen, kuma da zan sake, ba zan shigar da yaro ƙasa da shekara goma cikin kurkukun ba.

Kuskurena na biyu ke nan: na sa ziyarar nan da safe, na sa wasan rairayi da yamma a rana ɗaya. Mun je Brenu, yamma da Elmina kaɗan, gaɓa mai tsabta da inuwar kwakwa, irin wadda nake nema tun farko. Ba wanda ya iya wasa. Muka zauna shiru muna kallon ruwan da aka bi da mutanen.

Busua ce ta dawo mana da walwala. Ana wuce Takoradi, a sauka Agona Nkwanta, a ɗauki tasi zuwa ƙauyen. Duk bambancin a shimfiɗar gaɓar yake. Yashin ya bazu sannu a hankali, igiyar ruwa na karyewa tun daga nesa, ta iso a gajiye. Duk da haka sai da muka tambayi samarin da ke koyar da hawan igiyar ruwa a kan allo, suka nuna mana daga ina zuwa ina yara za su iya shiga, da lokacin da ruwa ke janyewa. Yaron da tsoro ya kama tun Cape Coast, a rana ta biyu ya yarda ya kwanta kan allon. Da safe muka taya masunta jan taru, igiya ɗaya mutum wajen ashirin, ana waƙa ana ja. Da yamma muka haura tudu a ƙafa zuwa Dixcove, garin masunta mai nasa tsohon ginin Turawa. Kifi da jatan lande daga ruwa sai wuta, a haɗa da dokunu da yajin shito. Nama dai ban ci ba a can tunda ban san wanda ya yanka ba, kuma ban yi kewarsa ba.

Amma in faɗi gaskiya, Busua ba ta zauna wa maman yara ba. Wuri ne na baƙi daga ƙasashen Turai, da shigarsu irin ta wanka, da giya a fili, da kiɗa har tsakar dare ranar Asabar. Ba wanda ya yi mata kallon banza don hijabinta, mutanen kirki ne, sai dai ita ce ta kasa sakewa. Dabarar da muka gano ita ce fita bayan sallar asuba. Daga shida zuwa takwas gaɓar tamu ce mu da masunta, a nan ta shiga ruwa da doguwar rigarta har ƙugu tana dariya. Komawa Akra daga can kuma yini guda ce cur a mota, yara suka jigata. Wanda ke da kwana huɗu ko biyar kacal, kada ya sa Busua a lissafi.

Ada Foah ba ta cikin takardata. Kawu ne ya matsa, ya ce kwana biyun da suka rage kada mu ɓata su a Akra. Gabas take, wajen kilomita 100, a bi ta Tema a karya a Kasseh. A nan kogin Volta ke shiga teku. Kwale-kwale mai inji ya kai mu wani siririn ziri na yashi, hannun hagu kogi kwance lumui kamar an shimfiɗa zane, hannun dama teku na rugugi, tsakaninsu tafiyar minti biyu. Ɓangaren tekun ba na shiga ba ne sam, ga ƙarfi ga tarkacen roba. Ƙarfin nasa har ya ci gari: ginin da 'yan Denmak suka yi a 1783 ruwa ya lashe kusan dukansa, kuma tun da aka datse kogin a Akosombo a shekarun 1960 yashin da yake kawowa bakin teku ya ragu, gaɓar ta yi ta zaizayewa. Ɓangaren kogin kuwa, a nan autar ta wuni a gefen ruwa tana gina gidan yashi, mahaifiyarta na zaune a inuwa ba fargaba.

Masaukin bukka ce ta kaba, ƙasanta yashi, wanka da bokiti, wuta sai an ta da janareta. Sauro akwai shi, gidan sauron da muka taho da shi ya yi rana. Wanda ya saba da na'urar sanyaya ɗaki zai fi son otal-otal ɗin da ke cikin gari a bakin kogin, amma sun fi tsada, kuma ƙarshen mako mutanen Akra kan cika su. Mu Laraba da Alhamis muka yi, shiru sai kukan tsuntsaye. Da a ce Hajiyarmu zan kai, ko iyali masu ƙananan yara, Ada zan nufa kai tsaye in yi kwana huɗu. Busua ta matasa ce da masu son shiga teku da gaske. Cape Coast da Elmina kuwa zan sake zuwa, amma da niyyar ziyara, kwana biyu, ba tare da na haɗa ta da wasa ba.

Daren ƙarshe wani ma'aikacin kula da namun daji ya zo ya ce lokacin kunkurun teku ne, in muna so mu bi shi, da sharaɗin ba fitila ba hayaniya. Mun yi tafiyar kusan awa guda a yashi cikin duhu, autar na goye a bayan mahaifiyarta, har na fara cewa mu juya. Sai ya ɗaga hannu muka tsaya. Ga ta nan, ta kai faɗin faifai uku, ta haƙa rami da ƙafafun baya tana zuba ƙwai. Muka tsuguna nesa kaɗan har ta gama, ta mayar da yashi ta daddaɓe, ta ja jiki a hankali zuwa ruwa. Autar ta raɗa mini a kunne, "Baba, ita ta san ƙarshensa?" Na ce mata sai dai mu tambayi mai aikin, shi kuma ya riga ya durƙusa yana sa alama a wurin ramin.