Asabar: Alan Bates da masu riƙe da gidajen waya

Tun bayan la'asar ban fita ko'ina ba, domin na zauna na kalli wasan kwaikwayon tashar ITV mai suna Mr Bates vs The Post Office, kashi huɗunsa a jere, kuma har yanzu da nake wannan rubutu raina bai kwanta ba. An fara nuna shi a Birtaniya a watan Janairun 2024, kuma labarin gaskiya ne na masu riƙe da ƙananan rassan gidan waya da aka zarga da cin kuɗi, alhali manhajar Horizon da kamfanin Fujitsu ya samar ce take nuna giɓin da babu shi. Tsakanin 1999 da 2015 an gurfanar da mutum fiye da 900 a gaban kotu.

Wurin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Jo Hamilton, mai reshen ƙauyen South Warnborough, wadda Monica Dolan ta fito a matsayinta. Tana riƙe da waya tana bin umarnin masu taimakon kwastomomi, sai ga giɓin ya ninka a gaban idonta a fuskar kwamfutar, amma aka ce ita ce za ta biya. Ta ci bashi a kan gidanta, daga baya kuma ta amsa laifin rubuta lissafin ƙarya domin gudun zaman kurkuku a kan kuɗin da suka kai fam 36,000. Ni da nake rufe lissafin shago kowane dare, na san irin zufar da take keto wa mutum idan adadi ya ƙi daidaita, balle a ce hukuma ce take tsaye a kansa tana ganinsa ɓarawo. Sai a 2021 kotun ɗaukaka ƙara ta wanke ta.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne yadda aka riƙa gaya wa kowannensu cewa shi kaɗai ne yake da wannan matsala. Da wannan magana aka raba su, kowa ya ƙulle kansa da kunya. Alan Bates, wanda aka soke kwangilarsa a reshensa na Llandudno da ke yankin Wales a 2003 saboda ya ƙi sa hannu a kan lissafin da bai yarda da shi ba, shi ne ya karya wannan magana, lokacin da ya tara waɗanda abin ya shafa a zauren ƙauyen Fenny Compton a 2009. Daga wannan ɗan taro ne mutum 555 suka kai ƙara, suka kuma yi nasara a babbar kotu a 2019.

Toby Jones ya yi dacen fitowa a matsayin Alan Bates, ba ɗaga murya, ba jawabin burgewa, sai taurin kai da akwatunan takardu. Kwanaki kaɗan bayan nuna wasan, Paula Vennells, tsohuwar shugabar hukumar gidan waya, ta ce za ta mayar da lambar yabonta, Firaministan Birtaniya na lokacin, Rishi Sunak, kuma ya sanar da dokar soke hukuncin da aka yanke musu. 'Yan jarida sun shekara da shekaru suna faɗin wannan zalunci, kuma wasu daga cikin waɗanda aka zalunta sun rasu kafin a wanke sunansu.